Hukuncin sanya wa haƙori hular tangaran

Tambaya: Malam, tsutsa ta cinye min turmin haƙori, an cire jijiyar an cike ramin. Yanzu likita ya ce sai an kankare gefensa an kifa masa hular tangaran, in ba haka ba zai tsage. Yayana ya ce wannan canza halittar Allah ne. Kuma yaya alwalata? Daga wata baiwar Allah a Gwammaja, Kano.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, je ki a saka miki, halal ne.

Yayanki yana nufin hadisin Ibnu Mas'ud da ke Bukhari da Muslim, wanda aka la'anci masu tsaga tsakanin haƙora. Amma a duba lafazin: "don ado" aka ce. Wato mai lafiyayyen haƙori ta je a goge mata shi don ta fito da wushirya. Ke kuwa naki ya riga ya lalace, gyara ake yi. Arfaja bin As'ad ya rasa hancinsa a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. In an halatta wa namiji zinare saboda lalura, ina ga tangaran?

Kayan da ake haɗa shi ma'adinan ƙasa ne. Wani garin dutse ne ake ɗorawa hawa-hawa a gasa, wani kuma zakoniya ce, wato wani farin ma'adini mai tauri, na'ura ta sassaƙa ta daidai da awon bakinki, a gasa ta da zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Babu najasa ciki. Ga maza ma ya fi haƙorin Makka kuɓuta, domin na zinare in don ƙawa ne kawai bai halatta gare su ba.

Alwala da wanka sun inganta. Kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, kuma hular da aka liƙe ta zauna daram hukuncin haƙori take ɗauka. Ranar da aka cika ma ba a ciro ta daga bakin mamaci.

Inda nake tsayawa shi ne 'yan kwalisar da ke kankare lafiyayyun haƙoran gaba don a jera musu farare tas. Abin da aka kankare ba ya tsirowa, kuma ina tsoron hadisin farko ya hau kansu.

Wallahu a'alam.