Yaya, ga dalilin da ya sa na ɗauki bashin matata

Assalamu alaikum Yaya. Tambayar da ka yi mini na san ba kai kaɗai ke da ita ba, shi ya sa zan amsa a fili. Ka ce ka ji labarin na kwashe bashin da ake bin Maman Yusuf na ɗora wa kaina, kana mamakin yaushe ɗan gidanmu ya fara biyan bashin da mace ta ci tun kafin a ɗaura aure, bashin ma na banki mai ruwa. Ƙarshen saƙon ne ya fi tsaya mini a rai, inda ka ce ko dai Amurka ta gama da mu ne.

Gaskiya ne, na yi. Kuma a nan unguwar Bronx ta birnin New York ba ni ne farau ba, a cikin 'yan uwanmu na Nijar da na zangunan Gana akwai waɗanda suka riga ni.

A ƙasar nan duk wanda ke mu'amala da banki yana da maki a kansa. Kamfanoni uku, Experian da Equifax da TransUnion, su ke tattara labarin bashin da ka ci da yadda ka biya, sai a fitar maka da lamba tsakanin 300 da 850. Wadda bankuna suka fi dubawa ita ce ta kamfanin lissafin maki mai suna FICO, tun 1989 ake aiki da ita. Kashi 35 cikin ɗari na makin daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 kuma daga yawan abin da ake bin ka, musamman in ka kusa cika iyakar da aka yanka maka a katin bashi. Mai gidan haya sai ya duba kafin ya ba ka mabuɗi, haka mai sayar da mota. Ko kamfanonin Musulmi irin su Guidance Residential, masu taimaka wa mutum ya mallaki gida ba tare da kuɗin ruwa ba, su ma suna dubawa. Wanda bai taɓa cin bashi ba kuwa ba a yaba masa, cewa ake ba a san halinsa ba.

Ka tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yadda yake ɗaukar dilar atamfa a Kantin Kwari ba ko sisi a hannunsa, saboda an san ranar da ya ce zai kawo kuɗi, ranar zai kawo. Nan ba wanda ya san ubanka ko unguwarku. Lambar nan ce sunanka a kasuwa.

Aure ba ya haɗa makin miji da na mata, kowa da nasa. Amma ranar da kuka je neman gida da sunanku ku biyu, galibi makin wanda ya fi ƙasa ne ke yanke muku farashi. Ita bashinta dala 6,000 ne a katin da iyakarsa 7,000, ta ci shi lokacin jinyar mahaifiyarta. Ruwan katin kashi 24 ne cikin ɗari a shekara, wato duk wata kusan dala 120 ke tafiya a banza, uwar kuɗin tana nan yadda take. Sai na buɗe sabon kati da sunana a wani banki daban, don banki ba ya yarda a mayar da bashi daga katinsa zuwa wani katin nasa. Sabon ya ba ni wata 18 ba ruwa, ya cire ladan mayarwa kashi 3, dala 180, ya biya tsohon bankin. Yanzu duk wata ina zuba kimanin dala 345. Katinta ya koma wayam, ba mu rufe shi ba saboda tsufan kati ma yana ƙara maki, cikin 'yan watanni makinta ya ɗaga. Nawa ya ɗan sauka, na kuma san zai sauka tun kafin in sa hannu.

Maganar riba ba na wasa da ita, Yaya. Malamanmu na nan ma ba bakinsu ɗaya ba: wasu sun ce sa hannu a takardar da aka rubuta ruwa a cikinta ma bai halatta ba, wasu sun yi sauƙi saboda lalura muddin za ka biya kafin ruwan ya hau. Ni abin da na gani shi ne ruwa ana biyansa a gidana duk wata, na kuma sami hanyar tsayar da shi. Ɗauke wa wani bashi kuwa ba Turawa suka koya mana ba. Kai ka karantar da ni hadisin gawar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi wa salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyansa.

Ba kowa nake ba wannan shawarar ba. Da zarar an mayar, a wurin doka bashin naka ne kai kaɗai, ko aure ya mutu bankin kai zai nema. In wa'adin ya cika da saura a kanka, ruwa ya dawo, sau da yawa sama da kashi 20. In kuma matsalar mutum latti ne wajen biya, wannan tabon shekara 7 yake yi a takardarsa, mayar da bashi ba ya goge shi. Wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi, ka wanke masa kati yau, baɗi ya sake cika shi. Na zauna da matar nan na san hannunta, shi ya sa ban yi shakka ba.

Na san abin da ke ƙasan maganar. Da 'yar Fagge ce na biya wa bashi, da cewa za a yi na cika maigida. Da yake baƙar fatar Amurka ce, sai aka ce na zama mijin-ta-ce. Wannan yana yi mini ciwo. Matar nan a Musulunci aka haife ta a Filadelfiya, ta koyi tuƙa tuwo a hannun matan 'yan uwanmu na Kumasi, in Hajiya ta kira waya har ƙasa take durƙusawa tana gaishe ta, alhali Hajiyar ba ganinta take ba. Shekarar da aikina ya tsaya, kuɗin makarantar yaranka da na maganin Hajiya ba su yanke ba ko wata ɗaya, daga albashinta suka fito, kuma ita ta hana ni faɗa a lokacin.

Yaranmu Hausarsu da gargada, ban musa ba, Yusuf har yanzu yana haɗa "ka" da "ki". Amma ranar Asabar da Lahadi suna islamiyya, mu kuma muna adashenmu, muna haɗa kuɗin jana'iza in an yi rashi, ranar suna a cika gida da waina da fura. Gidan da muke son saya ma don a sami ɗakin saukar baƙo ne, kai da Hajiya a kan gaba in Allah ya nufa.

Roƙona ɗaya, ka yi wa su Anti magana su daina kiran ta Baturiya a zauren WhatsApp na gida, tana ciki kuma tana jin Hausar da ta kai ta gane. A gaishe mini da Hajiya da yara.