Yatsan mahaifina ya fara baƙi, an ce sammu ya taka

Tambaya: Likita, mahaifina ya shekara 9 da ciwon suga. Sati 3 ke nan da miki ya fito masa ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, yanzu yatsan ya fara baƙi, kuma da dare ba ya samun barci sai ya sauko da ƙafar daga gado. An rubuta mana hoton Doppler, amma dangi sun ce sammu ya taka, wai in muka kai shi asibiti yanke ƙafar za a yi. Hankalina a tashe yake. (Daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram)

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ciwon da ke lafawa in an sauke ƙafa alama ce ta jinin da ke isa yatsun ya yi ƙaranci ƙwarai, saboda haka ku kai shi babban asibitin Zinder yau ko gobe.

Hoton Doppler irin eko ɗin da ake yi wa masu juna biyu ne, babu allura, babu yanka. Ana shafa mai a fata, a bi jijiyoyin jini da na'ura tun daga matsematsi har idon sawu, a ga inda hanyar ta tsuke ko ta toshe. Ana kuma gwada hawan jinin idon sawu da na dantse. In aka raba awon idon sawu da na dantse, lissafin ya gaza 0,9, akwai tsukewa, kodayake suga kan sandarar da jijiya har awon ya ruɗi likita. Za a iya ƙara hoton ƙashi da awon zuciya, domin toshewar ƙafa kan zo tare da ta jijiyoyin zuciya.

Maganar sammu kuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya, ko ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta lokacin hunturu ya ƙone bai sani ba, da safe a ga rauni a ce jifa ne. Daga nan sai a kira wanzami ya yi tsaga a naman da jini ba ya kai wa, a barbaɗa toka ko garin sassaƙe, a ɗaure da tsumma, a tsoma a ruwan zafi. Na sha kwance irin wannan ɗaurin na tarar da ruɓa ta kai ga ƙashi, bayan an sayar da awaki an kai wa mai magani, wanda ba ya nan ranar da za a shiga ɗakin tiyata. Makonnin da ake ɓatawa a haka su ne ke jawo yankan da dangi ke tsoro, alhali mikin da aka kawo da wuri sau da yawa wanki, maganin ƙwayoyin cuta da daidaita suga kan ishe shi, ko a cire yatsa ɗaya ƙafar ta tsira. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ku haɗa biyun.

Kafin ku isa, a rufe mikin da ƙyalle mai tsabta, kada Baba ya taka ƙafar, kuma in yana shan taba ya bari. In kun ji wari, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko kumburi ya fara hawa ƙwauri, ku tafi ko da tsakar dare ne.