Bindigar da mahaifinmu ya bari: nawa za ta yi, kuma wa zai riƙe ta?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu watan jiya, cikin kayansa akwai tsohuwar bindiga mai baki biyu da shi ma ya gada wajen kakanmu, an ce ƙirar Ingila ce. Mu bakwai ne magada, wani ya taya dubu 300, yayanmu ya ce ta fi haka nesa. Ya za mu san kuɗinta?

Amsa: Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Malam kafin maganar kuɗi akwai wadda ta fi ta gaggawa, don wallahi hankalina ya tashi da na ga ka ce watan jiya. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta tun 1959, ba ta ruwanta da cewa bindiga ta tsufa, indai tana harbi to makami ce. Irin taku mai baki biyu lasisinta daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ita kuwa bindigar toka Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne. Kuma lasisi ba a gadonsa, na mai sunan ne kawai. Kwana 14 doka ta ba magada bayan rasuwa, shi ma sai in marigayin yana da lasisin, ku kun wuce, wanda aka kama da ita yanzu zai iya shan ɗauri har shekara 5.

Saboda haka ku binciko takardar lasisin, ku samu lauya ya rubuta wa 'yan sanda, a miƙa ta ajiya a karɓi shaida a rubuce mai lambar bindigar. Don Allah kar wani ya naɗe ta a tabarma ya jefa bayan mota, a shingen hanya ba mai sauraron labarin gado. Shi kuma mai tayin dubu 300 ku ba shi haƙuri, ba a sayar wa mutum bindiga sai da lasisinsa.

To yanzu kuɗin. Kafin a miƙa ta ku ɗauki hoto ko'ina, sunan maƙerin da ke tsakanin bakunan biyu, lambarta, da ƙananan tambarin gwaji da ake bugawa a ƙarƙashin bakin, su ne za su nuna ko daga Birmingham ta fito ko Landan ko kuma Beljiyam, don da yawa da ake cewa na Ingila ne ƙirar Beljiyam ne masu araha. Tsatsa a cikin baki, tsagewar katako, gyaran maƙerin gida, duk suna karya farashi. Kar ku sa mata samfefa ko fenti wai ta yi kyau, nan ake kashe darajarta. Kuma kar a gwada ta da harsashin zamani, tsohon ƙarfe yana iya fashewa a hannun mutum.

Da hotunan nan dilan bindiga mai rajista zai ƙiyasta muku a rubuce, ni dai na fi son ku nemi biyu. Sai ku kai wa alƙalin da zai raba gadon, a sa kuɗin cikin lissafi, mata ma da rabonsu a ciki ko da ba za su riƙe bindiga ba. In yayanku ne ke sonta don tunawa da baba, ya nemi lasisi da sunansa ya biya sauran kasonsu, amma ya fara tambaya ko an buɗe, don a 2023 an dakatar da ba da sabon lasisi.