Asfaragas a lambun bayan gida: iri za a saya ko saiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Jos, gidan namu ne, kuma akwai fili a baya. Na ci asfaragas a wajen 'yata da ke aure a Jamus, ya kwanta min a rai. An ce in aka shuka shi sau ɗaya, shekara da shekaru ana ci. Za ta aiko min, ta ce in zaɓa tsakanin iri da saiwa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a yi miki ƙarya ba, lambun asfaragas da ya samu kulawa yakan kai shekara 15 zuwa 20 yana bayarwa. Sai dai kafin a kai ga ci akwai jira, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata abinsu.

Abin da ake ci ɗanyen toho ne mai kaurin yatsa, wanda yake ɓullowa daga saiwa. In aka ƙyale shi sai ya miƙe ya kusa tsawon mutum, ya buɗe siraran ganye. Ganyen nan ne ke tara wa saiwar abinci, da shi take fitar da tohon gaba. Wanda ya yanke toho tun saiwar ba ta yi ƙwari ba, tamkar ya cinye irin shukarsa ne tun damina ba ta faɗi ba. Saboda haka shekarar da aka dasa ba a taɓa komai. Ta biyu a ɗan yanka na mako biyu. Daga ta uku ne ake yanka na mako shida zuwa takwas, sannan a bar sauran su yi ganye.

A Turai saiwa 'yar shekara ɗaya ake saya, don tana rage jiran shekara guda. Ke kam, Hajiya, iri nake ba ki shawara. Saiwa abu ne mai rai, tana iya bushewa ko ta ruɓe a hanya, kuma shigo da tsiro Najeriya sai da izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su ƙasar. Shi ma irin a tambayi ƙa'idarsa, amma ya fi jure tafiya, ga araha. Ki ce ta nemo UC 157, wanda Jami'ar Kalifoniya ta fitar, shi ne aka fi sani da jure zafi. In bai samu ba, Mary Washington tsohon iri ne mai sauƙin samu.

Ki jiƙa irin kwana ɗaya, ki shuka a ledar dashe. Yakan yi mako biyu zuwa uku bai tsiro ba, kada ki fid da rai. Bayan wata uku ki dasa a kwari mai zurfin santimita 20 wanda aka wadata da ruɓaɓɓen taki, tazarar santimita 40 tsakanin wannan da wancan, kina turo ƙasa kaɗan-kaɗan yana tasowa. Abin da na fi jiye miki shi ne ruwan Yuli da Agusta na Jos, domin saiwar ba ta shiri da kwantaccen ruwa ko kaɗan. Ki ɗaga wurin ya yi tudu, in ƙasar laka ce ki gauraya ta da yashi. Ciyawa kuma da hannu za a cire, fartanya tana sare tohon da bai leƙo ba. Gindi 20 zuwa 30 zai ba ƙaramin gida abin sawa a tukunya.

Tambaya: Malam, ni a Kano nake, gidan haya. Zafinmu zai bar shi ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, zafin da sauƙi. Peru na cikin manyan masu fitar da asfaragas a duniya, kuma a hamadar Ika suke noma shi da ban ruwa. A Jamus sanyi ne ke sa shi hutawa, shi ya sa suke da lokacinsa, wanda bisa al'ada ake rufewa ranar 24 ga Yuni. A Peru kuwa ruwa ake janye masa na wasu makonni, a sare ganyen, a sake ba shi ruwa, sai toho ya fito. Hunturunmu ya dace da wannan dabara, ko da yake zafin Afrilu zai sa tohon ya yi siriri ya buɗe da wuri.

Hayar ce matsalar. Saiwar tana nutsewa ta bazu, ba ta son a tumɓuke ta bayan ta kama, a bokiti kuma ba ta ba da abin kirki. Kada ka sa kuɗinka da shekara uku a filin da mai gida zai iya karɓa baɗi. Ka kafa reshen zogale a gefen katanga, cikin 'yan watanni kana tsinkar ganye. Asfaragas ɗin ka bari sai Allah ya ba ka naka filin.