Katangar Sukur ba ta son siminti

Ɗanjuma, jiya ka ce da ni: "Maigida, na ga hoton fadar Hidi, wato sarkin Sukur, dutse kan dutse, babu kwaɓi ko kaɗan. Me ya riƙe ta? Kuma me ya hana a shafe ta da siminti a huta?"

To, zauna ka ji. Sukur tana kan duwatsun Mandara ne, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Najeriya. Kuma wannan jerin dutse da kake ganin kamar talauci ne ya hana su sayen siminti, yana cikin abin da ya jawo mata darajar.

Nauyi ne ke riƙe katangar, sai iya zama. Gindi ya fi kai faɗi, tana hawa tana ɗan kwantawa ciki. Kowane dutse ka ɗora shi kan biyu, ya rufe tsagar da ke ƙasansa. In ka bari tsaga ta hau tsaga, nan za ta yage. Tsawon dutsen kuma ka cusa shi ciki, kada ka shimfiɗa shi a fuska don mai wucewa ya yaba. Cikinta ka cika da ƙananan duwatsu, ɗaya bayan ɗaya da hannu, ba zubawa da kwano ba. Ka taka, in ya motsa, ɗaga shi ka juya.

Batun siminti kuwa, ni ya taɓa ci. Ina saurayi na yi wa wani mutum katangar tare ƙasa a gindin tudu, na toshe kowace kafa, ina ji da kaina. Ruwan Agusta ya taru a bayanta ya rasa hanya. Ta yi ciki, ta kife gaba ɗaya, na biya daga aljihuna. Ta Sukur ruwa ratsa ta yake ya wuce abinsa, haka ma matakalan gonakinsu da ke jikin dutse.

Saboda haka in wani gefe ya zube, ka ware duwatsun, manya daban, ƙanana daban, ka mayar da su ba tare da ka kawo baƙon dutse ba. Gobe ka zo da wuri, akwai tulin da ke bayan shago, za ka jera mini kamu biyu in gani.