Kyanwa a shagon mai ɗinkin bargo

Ka ce in ba ka izini ka zuba kyanwoyin nan biyu a buhu ka kai su can bayan Rigasa ka saki, saboda sun watsa maka ƙyallayen da ka wuni kana jerawa, sun kuma bar gashi a kan bargon amarya. Ban ba ka ba. Jawo benci ka zauna, ɗana, ka ji dalili.

Ba don ado na ajiye su ba. Duk shagon da ake tara auduga da faiba da guntayen atamfa, ɓera ba shi da gidan da ya fi shi. Zai yagi auduga ya yi sheƙa, ya huda yadi a tsakiyar ninki inda ba ka gani sai ranar da ka warware a gaban mai kaya, ya ci bel ɗin keke, ya guntule wayar dutsen guga. Je ka tambayi masu yadi a Kasuwar Barci abin da ɓera ke ja musu. Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, irin su KTL, wato Kaduna Textiles, da aka buɗe a 1957, maigidana buhu-buhu yake sayo guntayen yadi, in ɓera ya ɓata kaɗan ba a ko ɗaga kai. Yanzu kowane ƙyalle kuɗi ne. In ka ce guba za ka sa, ɓeran zai je ya mutu a cikin buhun faiba, warin ya kama kayan mutane. Kada ma ka kuskura ka shigo da ita nan, don kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya.

To, su ma ba kyanwar Lami ba ne, na sani, suna yaƙushi suna ɓarna. Amma ɓarnarsu tana da ƙa'ida. Kyanwa tana kwashe fiye da rabin yini tana barci, kuma wuri mai laushi da ɗumi take nema, musamman in ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Ka shimfiɗa bargo mai auduga a kan tebur ka tafi sallar Azahar, me kake so ta yi? Samo kwali, ka zuba mata tsofaffin ƙyallaye, ka ɗora a kan kanta kusa da taga. Aikin mutane kuwa, ko fitsari za ka zaga, ninke shi ka rufe. Yaƙushin ma ba mugunta ba ce, tsohon ɓawon farce take cirewa, tana kuma barin alamarta. Ka naɗe guntun katako da buhun algarara ka ɗaure shi a ƙafar tebur, za ta rabu da dilar yadi.

Jeren ƙyallaye a ƙasa kuwa, ka daina barinsa ya kwana. Da magariba da asuba ne jininsu ke tashi, lokacin farautarsu ke nan, duk abin da iska ta kaɗa ɓera ne a idonsu. In ka gama jeri ya yi maka, ɗauki hotonsa da waya, ka tattara layi-layi, ka sa wa kowane layi lamba da alli, ka zuba a akwatin ƙarfe. Gobe kafin shayinka ya huce ka mayar da shi yadda yake.

Duk wannan ƙaramin abu ne. Abin da nake so ya zauna maka shi ne zare, don a nan kai ne kake iya kashe su, ba su ne ke ɓata maka ba. Ka taɓa jin harshen kyanwa a hannunka? Kaushin nan ƙananan ƙayoyi ne, duk sun kwanta suna kallon maƙogwaro. Da zarar zare ya hau kansu ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. In da allura a bakin zaren, har ita. Sau da yawa bakin zaren ɗaya yana naɗewa a gindin harshe, ko ya maƙale a mafitar tumbi, sauran ya wuce hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, shi kuma a ɗaure yake, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda wando ke tattarewa a jikin zariya. Daga nan zaren ya shiga yanka shi ta ciki. Zaren roba da muke bin bargo da shi ya fi muni, don ba ya tsinkewa, ba ya narkewa.

Saboda haka in ka ga tana amai, ta ƙi abinci, ta lafe wuri ɗaya, ba ta son a taɓa mata ciki, kada ka ce bari a ga gobe. In kuma ka ga zare ya leƙo ta bakinta ko ta bayanta, kada ka ja. Na maimaita, kada ka ja. Hannu zai yi maka ƙaiƙayi, amma jan nan shi ne ke tsaga hanjin. Ɗauke ta ka kai wa likitan dabbobi, galibi sai an yi aiki. Kada ka ce za ka taimaka mata da farasitamol, wanda ke sauke maka zazzaɓi ita guba ne a jikinta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kafur ɗin da wasu ke zubawa cikin kaya shi ma haka, in za a sa, sai a akwatin da ke rufe.

Shi ya sa nake yi maka faɗan shara kullum kana ganin fitina ce. Kafin a rufe shago, a zare allurar hannu daga zarenta, a rufe keke da murfinsa, kwarkwaro da zare su koma gwangwani. In ka bi ta Panteka ka nemo maganaɗisun tsohuwar lasifika, ka ɗaura masa igiya ka riƙa jan shi a ƙasa, za ka sha mamakin yawan fil da allurar da tsintsiya ke tsallakewa.

Sai maganar masu kaya. Wata hajiya za ta ga kyanwa a shago ta ɓata fuska. Kyanwa dai ba najasa ba ce, hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Amma fitsarinta najasa ne a wurin malamanmu, kuma bargon nan wani zai iya shimfiɗa shi ya yi salla a kai. In ta yi, ba a ɓoyewa da turare. Danna tsumma ya tsotse, ka wanke wurin da ruwan sanyi har sai ya fita, ka jiƙa da farin binega da aka sirka, ka sake ɗauraye, ka shanya. Kada dutsen guga ya hau kafin warin ya tafi, zafi kama shi yake yi, da damina ta zo ya dawo sabo. Kada kuma ka zuba bilic a kan fitsarin, haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da ƙirji, ga shi zai cinye launin atamfar. In ya ratsa har cikin auduga, farke wurin ka canza ta, asarar tamu ce. Muzurun ne ya fi wannan hali, yana fesa wa abu don ya nuna nan gidansa ne. Zan sa likita ya yi masa fiɗiya, yawanci suna ragewa sosai, a haɗa musu da rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana ɗauka.

Gashi ba wuya. Da hunturu ya fi mannewa, musamman a yadin roba. Jiƙa tafin hannu ka shafa gefe ɗaya, zai dunƙule, ragowar ka ɗauke da salatif, sannan bargo ya shiga leda. Amma ka riƙa tambayar mai kaya ko akwai mai asma a gidan. Wasu ko an share gashin tas, abin da ya rage a jikin yadi ya isa ya tayar musu da ciwon. Irin wannan aikin daga yanka har ninki a ɗakin ciki za a yi shi, ƙofa a rufe, a kuma wanke kafin a bayar.

Ka kuma lura da macen, cikinta ya fara sauka. Wata biyu da 'yan kwanaki suke yi, in ta tashi haihuwa lungu mai duhu da laushi za ta nema, kuma a shagon nan babu kamar buhun faiba. Ɗaure bakinsa yau, ka ɗora shi a sama, ka sa mata wani kwalin a ƙarƙashin teburin yanka.