Tambaya da Amsa: Ɗana mai koyon fiyano yana fama da ciwon hannu, malaminsa ya ce ya daure

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa, ɗana ɗan shekara 19 ne, yana kaɗa fiyano tun yana ɗan shekara 11, kuma ya ci jarrabawar mataki na 8 ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya. Burinsa shi ne ya shiga makarantar kiɗa a ƙasar waje, ko ɓangaren kilasika ko na jaz, kuma dole ya aika bidiyon kiɗansa kafin watan Disamba. Wata huɗu ke nan yana atisaye na awa takwas zuwa tara kullum. Yanzu wuyan hannunsa na dama yana ciwo har yana hana shi barci, kuma kwanan nan ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa da kansu idan yana kiɗa. Malaminsa ya ce alama ce ta cewa hannun yana yin ƙarfi, ya daure, ya riƙa matsa ƙwallon roba, ya kuma sha maganin ciwo kafin ya zauna. Cikin dangi wasu sun ce a kai shi wurin maɗori, wasu sun ce jifa ne. Shi kuwa tsoronsa kada shekarar ta wuce shi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Me ya kamata in yi? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Malama, hankalinki bai tashi a banza ba. Abu na farko shi ne yaron ya dakatar da wannan atisaye daga yau, ya ajiye ƙwallon roba, ya daina shan maganin ciwo don ya samu damar zama a gaban fiyano, sannan a kai shi asibiti ya ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, daga nan kuma sashen gashin ƙashi. Ni malamin kiɗa ne, ba zan yanke wa hannun da ban gani ba hukunci daga wasiƙa, amma abin da kika bayyana ya ƙunshi matsaloli iri biyu waɗanda bai kamata a cakuɗa su ba. Ciwon wuyan hannu bayan an ninka atisaye farat ɗaya yawanci gajiyar tsoka ce da kumburin jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kuma irin wannan yakan warke idan an huta aka gyara zama. Idan akwai sagewa ko jin kamar ana tsira allura a waɗannan yatsu biyu, to ana iya zargin jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu ta sauka zuwa gare su. Lanƙwashewar yatsun ita ce ta fi damuna. Ki tambaye shi ko suna yin haka idan yana cin tuwo ko yana ɓalla maɓallin riga, ko kuwa sai ya ɗora hannu a kan fiyano kaɗai, domin idan a kan fiyano ne kawai, likita zai so ya tabbatar ba larurar da ake kira distoniyar makaɗa ba ce, wato larurar da ke sa yatsu su ƙi bin umarnin makaɗi idan yana kiɗa.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar malaminsa, domin ita ce ƙaryar da nake ji kullum, kuma ita ce ta fi kashe wa yara sana'a tun kafin su fara ta. Ana ɗaukar karin maganar nan ta sai an sha wuya akan sha daɗi a ɗora ta a kan jijiyar hannu, alhali wuyar da makaɗi zai sha ita ce ta haƙuri da maimaita layi ɗaya a hankali har ya zauna, da jure gyaran malami, da zama shi kaɗai a ɗaki lokacin da tsaransa suke wajen ƙwallo. Zafin jijiya ba ya cikin lissafin. Yatsu ba su da tsokar da za a gina da matsa ƙwallo ta yadda za ta ƙara saurin kiɗa. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su a tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suke, kuma saurin da ake gani wurin gwanaye daga sakin jiki da daidaita motsi yake fitowa. Duk malamin da ya ga ɗalibi yana yarfe hannu bayan kowane sikel, wato atisayen hawa da saukar sautuka a jere, ya ce masa ya ci gaba, to bai san aikinsa ba, ko da kuwa shi kansa ya iya kiɗa.

Tarihin wannan sana'a cike yake da mutanen da suka daure. Leon Fleisher, Ba'amurken da ya yi karatu a hannun Artur Schnabel, ya lashe gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels a 1952, yana cikin manyan makaɗan fiyano na zamaninsa lokacin da, a 1964, yana ɗan shekara 36, yatsunsa biyu na ƙarshe na hannun dama suka fara naɗewa zuwa tafin hannu, wato daidai yatsun da kika ambata. Abin da ya yi shi ne abin da ake gaya wa ɗanki ya yi: ya ƙara atisaye don ya murƙushe matsalar. Sakamakon haka ya shafe kusan shekara talatin yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore, yana jagorantar makaɗa, yana kuma kaɗa ayyukan da aka rubuta don hannun hagu kaɗai, kafin allurar Botox mai sassauta tsoka da gashin jiki su ba shi damar komawa kiɗa da hannu biyu a tsakiyar shekarun 1990. Wani makaɗin fiyanon, Gary Graffman, ya ji rauni a yatsa a 1977, ya sauya tsarin yatsunsa ya ci gaba da wasa, zuwa 1979 ya daina amfani da hannun dama a dandali. A ɓangaren jaz, Freddie Hubbard ya ci gaba da busa ƙaho da tsagaggen leɓe a 1992 har wurin ya harbu, kuma sautinsa bai sake komawa yadda yake ba. Waɗannan mutane ne da ke da manyan likitocin duniya a kusa da su.

Dalilin da ya sa ƙarin atisaye yake dagula distoniya shi ne matsalar ba a yatsa take ba, a ƙwaƙwalwa take. Kowane yatsa yana da nasa gurbi a sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar ji da ba da umarnin motsi, kuma binciken da aka yi a kan makaɗan da suka kamu ya nuna cewa guraben yatsun da ke maƙwabtaka sukan shige cikin juna, kamar gonaki biyu da aka yi ta noma har iyakar da ke tsakaninsu ta shafe. Idan mutum ya umarci yatsa ɗaya, sai ɗayan ya amsa tare da shi. Duk maimaitawar da aka yi cikin wannan hali ƙara koya wa ƙwaƙwalwa kuskuren take yi. Cibiyar nazarin lafiyar makaɗa da ke Hanoba a Jamus, wadda Eckart Altenmüller ya daɗe yana jagoranta, ta ƙiyasta cewa larurar tana kama kimanin ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, ta fi yawa ga maza, ta kuma fi yawa ga masu kiɗan kilasika fiye da masu jaz, wataƙila saboda su ne ke maimaita motsi iri ɗaya ba tare da damar sauya ko da nota guda ba. Ta fi bayyana bayan shekara talatin, kuma sau da yawa ba ta zuwa da zafi, don haka mai yiwuwa ne abin da ke damun ɗanki ya zama mai sauƙi fiye da haka. Likita ne zai raba gardama, ba dangi ba.

Game da maɗori kuwa, ina girmama aikinsu a inda ƙashi ya karye a ƙauyen da babu asibiti, amma a nan babu abin da ya karye balle a ɗora, kuma ja da murɗa da ɗaure kumburarren wuyan hannu da tsumma ƙara masa rauni ne. Haka nan kada a bar wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho a wurin, domin jijiyoyin suna dab da fata. Neman irin wannan magani tsohon abu ne, kuma Turawa ma sun yi shi: lokacin da hannun dama na makaɗin fiyanon Jamus Robert Schumann ya lalace a farkon shekarun 1830, bayan ya yi amfani da wata na'ura ta miƙar da yatsu, cikin magungunan da aka rubuta masa har da cusa hannun a cikin dabbar da aka yanka yanzu-yanzu, kuma bai sake zama makaɗin dandali ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai kemis da zai miƙa wa yaro diklofenak ko taramol ba tare da takardar likita ba. Zafi shi ne kaɗai abin da ke sanar da yaron cewa ya wuce gona da iri, idan aka kashe shi da ƙwaya sai ya yi awa tara yana ɓarna bai sani ba, ga illar diklofenak ga ciki da ƙoda idan an daɗe ana sha, ga jarabar taramol da kowa ya san abin da ta yi wa matasanmu. Maganar jifa kuma, a yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Na san inda awa tara ta samo asali. Yara suna jin cewa gwanin jaz Charlie Parker ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana atisaye na awa 11 zuwa 15 a rana, suna jin labarin yadda wani gwanin jaz, Sonny Rollins, ya riƙa atisaye a kan gadar Williamsburg ta New York tsakanin 1959 da 1961, suna kuma jin zancen cewa sai an yi atisayen awa 10,000 ake zama gwani. Amma binciken da wannan adadi ya fito daga cikinsa, wanda Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban goge na makarantar kiɗa ta Balin, ya nuna cewa mafiya ƙwarewa cikinsu kimanin awa uku da rabi suke atisaye su kaɗai a rana, a rarrabe, ba a zama ɗaya ba, kuma sun fi sauran yin barcin rana. Awowin nan a cikin shekara goma da ɗoriya aka tara su, ba wanda zai iya cusa su cikin wata huɗu. Ki kuma duba abubuwa biyu a ɗakinsa. Yawancin yaranmu a kan kibod mai laushin madannai suke tasowa, sai jarrabawa ta matso su koma kan fiyano mai nauyin madannai su kuma ninka awowi a lokaci guda. Sannan kujera: na sha ganin ɗalibi zaune a kan kujerar roba ta biki, gwiwar hannunsa a ƙasa da madannai, wuyan hannu a karye, kafaɗu a ɗage har kusa da kunne. Gwiwar hannu ya kamata ta yi daidai da saman madannai ko ta ɗan ɗara.

Sauran batun shekarar da yake tsoron ta wuce shi. Gaskiya ne cewa manyan makarantun Amurka irin su Juilliard suna rufe karɓar bidiyon tantancewa a farkon Disamba, su kira waɗanda suka tsallake zuwa jarrabawar gaban alƙalai a wajajen Fabrairu da Maris, amma suna yin haka kowace shekara, kuma ɗan shekara 20 bai tsufa ba. Mataki na 8 ma ba shi ne tikitin shiga ba. A ɓangaren kilasika za a nemi aikin Bach, da cikakkiyar sonata ta Haydn ko Mozart ko Beethoven, da wani babban aiki na ƙarni na 19, da darasin gwaninta irin na Chopin, duka da ka. A ɓangaren jaz, kamar a Berklee da ke Boston, kunne da iya ƙirƙira nan take da karatun nota su ne ake aunawa. Makarantar Curtis da ke Philadelphia ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, amma ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba. Alƙalan nan da sun ga kafaɗa a ɗage da yatsa a naɗe sun san abin da ke tafe, kuma ba za su ɗauki hannun da ba zai kai ƙarshen shekara huɗu ba. Kada kuma ki biya wani dillali da zai ce yana da hanya, domin a waɗannan makarantu kiɗan yaron ne kaɗai ke sama masa gurbi.

Ya kamata shi ma ya san irin aikin da yake nema. Mai fiyano ba shi da kujeru masu yawa a okestira kamar mai goge, kuma mafi yawan waɗanda suka gama waɗannan makarantu da koyarwa suke ci, da raka mawaƙa, da kiɗan coci da otal da situdiyo, aikin da ake so hannu ya ɗauka har shekara arba'in ko hamsin. Watannin hutun ba asara ba ne: ya yi horon kunne, ya rera abin da yake karantawa, ya rubuta solo na manyan jaz daga faifai, wato inda makaɗi ɗaya yake nuna gwanintarsa, ya nazarci jituwar sauti, ya haddace nota ba tare da taɓa madannai ba. Idan likita ya ba da izinin komawa, a fara da minti goma zuwa sha biyar sau biyu a rana, a ƙara kaɗan-kaɗan mako bayan mako, a tsaya da zarar zafi ya dawo. Zan kuma ba da shawarar a sauya malami, a nemi wanda zai zauna ya kalli hannun kafin ya saurari sautin. Makarantar MUSON da ke Onikan a Legas tana da difloma ta shekara biyu da malaman da suka saba shirya ɗalibai don irin wannan jarrabawa, kuma bidiyon da aka ɗauka daga can da lafiyayyen hannu a Disamban baɗi zai fi wanda za a ɗauka bana nesa ba kusa ba.